Yadda ake horar da karen dudul ya riƙa jin magana, daga kwikwiyo har ya wuce tashen balaga

Duk wanda ya taɓa yin sallama a gidan da ake kiwon karen dudul ya san abin da ke jiransa a bakin ƙofa. Kafin mai gida ya amsa, wani tulin gashi mai kama da ɗan rago ya riga ya daka tsalle, ya ɗora maka ƙafafuwa a ƙirji yana neman lasar fuskarka. Mai gida na ta ihun "sauka! sauka!", shi kuwa karen gani yake an shiga wasan tare da shi. Ba cizo ya kawo shi ba, murna ce ta yi masa yawa. Amma in farar shadda ka sa za ka wuce masallaci, murnar tasa ba ta ƙare ka da komai ba.

Dudul, wanda Turawa ke rubutawa doodle, ba jinsi ɗaya ba ne. Suna ne na duk karen da aka samu ta hanyar haɗa Poodle da wani jinsin. Da Labrador a samu Labradoodle, da Golden Retriever a samu Goldendoodle, da Cocker Spaniel a samu Cockapoo. Sunan Labradoodle ya bazu ne daga 1989, lokacin da Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar karnukan jagorar makafi ta Ostireliya, ya haɗa Labrador da Poodle saboda wata makauniya a Hawai wadda jikin mijinta ba ya shiri da gashin kare. Daga baya Conron ya fito ya ce ya yi nadama, don masu neman kuɗi sun shiga haɗa karnuka barkatai ba sa duba lafiya, ba sa duba hali. Shi ya sa kwikwiyo biyu 'yan ciki ɗaya sukan sha bamban, wannan mai sanyi, wancan kamar an jona shi da lantarki.

Abin da ya kamata ka riƙe game da asalinsu shi ne iyayen nasu ma'aikata ne. Poodle, duk da kwalliyar da ake yi masa yanzu, karen ɗauko agwagwa ne daga cikin ruwa idan maharbi ya harbo. Labrador da Golden ma aikinsu ke nan. Wato ka kawo gida dabbar da aka halitta da son gudu, da son riƙe abu a baki, da son zama kusa da mutum. Ga kaifin ƙwaƙwalwa: a jerin da masanin halayya Stanley Coren ya fitar a 1994 na karnukan da suka fi saurin ɗaukar umarni, Poodle ne na 2, Golden na 4, Labrador na 7. Mutane kan ji haka su ɗauka aiki ya yi sauƙi. A gaskiya nan wahalar take. Karen da ke saurin koyon abin da ka koya masa, da wannan saurin yake koyon abin da ba ka yi niyyar koya masa ba. Sau biyu kacal ya sace safa aka bi shi da gudu, ya gane cewa safa ita ce makunnin wasan guje-guje. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu ɗaya suke yi: su sa halin da kake so ya riƙa biya, wanda ba ka so ya daina biya.

Zama da mutanen gida da haɗa kaya

Aikin farko ba da karen za ka yi shi ba. Tara duk mai kwana a gidan, har yara da mai aiki, ku tsayar da kalmomi. Kare bai san Turanci ba, bai san Hausa ba, sauti yake kamawa da motsin jiki, don haka babu dalilin karya harshe don kawai karen ɗan ƙasar waje ne. Zaɓi gajeru: zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, saki, wurinka. Rubuta su ka manna a jikin firij. In uwargida na cewa "sauka", maigida na cewa "bari", yara na cewa "kai, kai!", to babu kalmar da za ta zauna masa.

Sai tukuici. Dafaffen naman kaza ko hanta, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, ya isa. A cikin gida inda babu abin ɗauke hankali, abincinsa na yau da kullum ma ya wadatar: auna na yinin tun da safe, ka ware kashi ɗaya cikin uku ka riƙa ba shi a hannu lokacin horo. Naman ka ajiye shi don wurare masu wuya. Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada tukuicin da ba abincinsa na yau da kullum ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a rana. Kada ka yi masa tukuici da kilishi ko tsire, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan, inabi da zabibi, da cingam mai sinadarin xylitol duk guba ne a gare shi.

Kayan aiki ba su da yawa: igiya mai tsawon mita 2, wata doguwa mai mita 5 zuwa 10, ɗamarar ƙirji mai zobe ta gaba, keji daidai girmansa, da 'yar tabarma ko tsohon bargo. Igiyar nan mai naɗe kanta ka bar ta a kanti, ja take koya wa kare. Kafin ya fara cuɗanya da karnukan waje, likitan dabbobi ya duba shi ya fara masa rigakafi. Ga mai kiwonsa a Najeriya ko Nijar, allurar ciwon haukan kare ba abin jinkiri ba ce.

Mataki na farko: "yawwa"

Kare yana danganta lada da abin da yake yi a daidai daƙiƙar da ladan ya zo. Ya zauna, kai kuma kana lalube a aljihu, kafin ka ciro naman ya miƙe, to miƙewa ka biya. Maganin wannan shi ne kalmar shaida. Wasu suna amfani da 'yar na'ura mai yin ƙas, ni na fi son baki, don ba ya ɓata kuma ba a mantawa da shi a mota. Ka ce "yawwa" da murya ɗaya, ka miƙa ƙwaya ɗaya. Maimaita sau 15 zuwa 20, safe da yamma, kwana biyu. Ranar da ka ce "yawwa" ya waigo da sauri yana neman hannunka, kalmar ta kama. Daga nan ta zama alkawari: duk lokacin da ka faɗe ta sai ka biya, ko da kuskure ka faɗa.

Da ita za ka koya masa sunansa. A ce sunansa Zuma. Kira sau ɗaya, da ya dube ka ka ce "yawwa", ka biya. Kada sunan ya zama abin yi masa tsawa.

Zauna da kwanta

Waɗannan ba za su ba ka wahala ba, dudul kan ɗauke su cikin kwana biyu ko uku. Riƙe nama a hancinsa, ɗaga hannun sannu zuwa saman kansa. Hanci ya bi sama, gindi zai sauka. Da ya taɓa ƙasa, "yawwa". Don kwanciya, daga zaune ka sauke hannun tsakanin ƙafafunsa na gaba ka ja shi waje kaɗan. Kada ka danna masa baya.

Abu biyu ne ake yin sake da su a nan. Na farko, bayan sau biyar ko shida ka cire naman daga hannun da ke nuni, ka riƙa biya da ɗaya hannun, in ba haka ba ka samu karen da ba ya zama sai ya ga kuɗi a ƙasa. Na biyu, kalmar sau ɗaya ake faɗa. "Zauna, zauna, zauna, na ce ka zauna" tana koya masa cewa ukun farko shimfiɗa ce. In bai yi ba, ƙirga uku a zuci, ka nuna da hannu. Zaman horo kuma minti 3 zuwa 5 ne, sau uku ko huɗu a yini, a tashi tun yana marmari.

Bayan gida ma ba dabara ce mai zurfi ba, tsaro ne: fitar da shi da ya farka, bayan ya ci, bayan wasa, wuri ɗaya kullum, ka biya shi a can nan take. In ya yi a ɗaki, goge ka yi shiru. Tura masa hanci cikin fitsarin ɓuya kawai yake koya masa. Cizon wasa kuwa, zai yi ta yi har haƙoransa na manya su gama fitowa wajen wata 6 zuwa 7. Haƙori ya taɓa fata, wasa ya tsaya na daƙiƙa 20, sannan a miƙa masa abin tauna. In ka ga cizon ya tsananta da yamma yana ta zabure-zabure, yawanci barci ne ya kama shi, don kwikwiyo na bukatar kusan awa 18 na barci a rana. Kai shi keji.

Tsalle a kan mutane

Nan ne masu dudul suka fi kuka, kuma nan ne za mu daɗe. Ka fara da tambayar me yake samu in ya yi tsalle. Ana kallonsa, ana yi masa magana, ana ture shi da hannu. A wurinka faɗa ne, a wurinsa uku ne cikin abubuwan da ya fi so a duniya. Ƙari a kan haka, yana kwikwiyo kowa ya riƙa ɗaukarsa yana shafa shi in ya miƙe tsaye, sai da ya kai kilo 25 aka tuna cewa ba a so.

Ka fara da kanka. In ka dawo gida, shiga da ƙwayoyin abinci a hannu, ka zuba uku ko huɗu a ƙasa tun kafin ya ɗaga ƙafa. Kansa na ƙasa yana tsinta, ka durƙusa ka shafa shi a hankali. Ya ɗago ƙafafunsa huɗu na ƙasa, "yawwa", ka ƙara zubawa. In ya riga ka ya yi tsalle, naɗe hannu, kau da fuska, kada ka ce uffan. In ya nace, fita ka rufe ƙofa, ƙirga goma, ka sake shigowa. Wata rana sai ka shiga gidanka sau shida kafin ka kai falo. Haka abin yake.

A kwanakin farko tsallen zai ƙaru kafin ya ragu. Kamar wanda ya saba buga famfon tuƙa-tuƙa ruwa ya zo ne. Ranar da ruwan ya ƙi zuwa, ba tafiya yake yi ba, ƙara ƙarfi yake yi tukuna. In ka gaji a wannan gaɓar ka ture shi ko ka shafa shi, ka koya masa cewa tsalle na bakwai shi ne mai biya, kuma aikin gobe ya fi na yau wuya.

Sai baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka jira ranar suna ko ranar sallah. Nemo aboki ɗaya mai haƙuri. Ɗaure igiyar a ƙafar kujera mai nauyi ko ka taka ta yadda zai iya tsayuwa amma ba zai iya miƙewa sama ba. Abokin ya ƙwanƙwasa ya shigo. Kare ya zauna, abokin ya matso; ya zabura, abokin ya koma baya. Sau goma a jere. Za ka ga a karo na bakwai ko takwas zumuɗin ya kwanta, don shigowar ta daina zama labari. Mako na gaba a canza mutum. Babban abokin gabanka a nan shi ne baƙon da ke cewa "ƙyale shi, ni ba ya damuna". Shi ba ya damunsa, amma kakarka da ke dogara sanda fa? Faɗa masa da ladabi cewa ana horo ne. Ranar da ba ka da sukunin yin wannan, sa karen a keji da abin tauna kafin a buɗe ƙofa. Wannan ba gazawa ba ce, hana shi maimaita laifi ne.

Wurinka

Ga gidan Bahaushe wannan umarnin ya fi "zauna" amfani. Malamai sun yi saɓani a kan yawun kare, Malikiyya suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya suna ganin najasa ne, amma ko wane ra'ayi ka bi, za ka yi baƙin da ba sa son kare ya taɓa su ko kaɗan, kuma haƙƙinsu ne. Ga lokacin sallah, ga lokacin da aka shimfiɗa abinci a ƙasa.

Shimfiɗa tabarmar, jefa ƙwaya a kanta. Ya taka, "yawwa". Bayan 'yan lokuta ka jira ya kwanta kafin ka biya, kuma a kan tabarmar za ka ajiye ladan, tsakanin ƙafafunsa. Sannan ka fara ja masa lokaci: daƙiƙa 2, 5, 10, ka dawo 3, ka tafi 20. Ka sami kalmar sallama, misali "tafi", kada ya tashi sai ya ji ta. Abu uku ke sa zama ya yi wuya: tsawon lokaci, nisanka da shi, da abin da ke gilmawa. Ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Ranar da ka fara matsawa nesa, rage lokacin. Ɗakin da kuke sallah kuwa, tun ranar farko kada ya taɓa shigarsa, ka riƙa biyansa a bakin ƙofa. Hana shi abin da bai saba ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tafiya da igiya

Dokar ɗaya ce: igiya ta miƙe, tafiya ta tsaya. Ka tsaya cak kamar turke, ba fizga, ba magana. Ya waigo ko ya sassauta, "yawwa", ka biya shi a gefen ƙafarka, daidai ɗinkin wando, ku ci gaba. In ya ƙi waigowa, juya ka nufi inda kuka fito. A makon farko wataƙila minti 15 ba za su kai ku ƙarshen layi ba, don haka kada ka haɗa wannan da motsa jikinsa. Jefa masa ƙwallo a tsakar gida tukuna ya rage zafi. Sunsune-sunsune ma lada ne: in yana jan ka zuwa gindin bishiya, jira igiya ta saki, ka ce "tafi", ku je tare.

Masu kiwonsa a garuruwa masu zafi irin su Kano, Sakkwato ko Yamai su tuna da bargon da ke jikinsa. A fita bayan asuba ko gab da magariba. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta; in ba za ka iya ƙirga biyar ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

Zo

Wannan ce kalmar da wata rana za ta tsaya tsakaninsa da mota, saboda haka ita ce mai tsada. A fara a falo, mutum biyu a zaune nesa da juna. Ɗaya ya ce "Zuma, zo", da ya iso a kama abin wuyansa a hankali, a ce "yawwa", a ba shi nama ƙwaya uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan ya kira. Kama wuyan yana da dalili: dudul gwani ne wajen zuwa ya tsaya taku biyu da kai yana rawa, ka miƙa hannu ya goce.

Daga falo a koma tsakar gida, daga nan fili da doguwar igiya. Kada ka kira sai kana da yaƙinin zai zo. In ya nutse cikin wasa da wani kare, je ka ɗauko shi. In ka kira ya yi biris, kada ka bi shi, ruga ta wata fuskar kana tafi, jininsa na bin abin da ke gudu zai kawo shi. Kuma cikin kira goma, tara ka sake shi ya koma wasansa bayan ka biya. In "zo" kullum tana nufin wasa ya ƙare, ko wanka, ko keji, karen da ke da wayon Poodle ba zai ɗauki mako guda bai gane ba.

Abin da ya fi komai wuya a zuciya shi ne wannan: ya gudu, ka yi minti 20 kana nema, ranka ya ɓaci, sai ga shi ya dawo yana kaɗa wutsiya. Biya shi. In ka dake shi, dawowar ka hukunta, gobe zai ƙara daɗewa. In kuwa kalmar ta riga ta lalace don an yi ta faɗarta a banza, jefar da ita, ka fara daga falo da "taho".

Bari da saki

Rufe abinci a tafin hannu, bar shi ya lasa ya tona. Da ya janye hanci, "yawwa", ka biya daga ɗaya hannun, sannan ka ɗora kalmar "bari". Daga rufaffen hannu a koma buɗaɗɗe, sannan ƙasa. "Saki" kuwa ciniki ne: yana riƙe da abin wasa, ka nuna nama, ya saki, ka biya, ka mayar masa da abinsa. Karen da ya saba ana ƙwace masa abu da ƙarfi yakan koyi haɗiyewa da sauri, kuma safa a cikin hanji aikin tiyata ce. Takalma da safa a ɗauke su daga ƙasa har ya yi hankali.

Gashi da kaɗaici

Mutane ba sa lissafa tajewa cikin horo, alhali gashin dudul in an bar shi cukurkuɗewa yake yi har jikin fata, musamman bayan kunne da hammata, kuma aski yakan zo duk mako 6 zuwa 8 har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana ƙarami, taɓa tafin ƙafa ka biya, ɗaga kunne ka biya, buroshi sau biyu ka biya. Kunna injin aski nesa da shi yana cin abinci, kullum ka matso da shi kaɗan. Kunnuwan nan masu faɗowa suna riƙe danshi. In kare mai jin magana ya fara ƙin a taɓa kansa ko yana yawan girgiza kai, likita za a kai shi, ba horo za a ƙara ba.

Haka zaman kaɗaici. Kare ne mai manne wa mutum, sai an koya masa. Ba shi abin tauna a keji, fita daƙiƙa 30, ka dawo ba tare da wani biki ba. Ƙara zuwa minti 2, 5, 15. Ajiye waya ta ɗauki bidiyonsa. Ɗan kukan minti biyu sannan barci ba komai ba ne, amma in yana dalalar da yawu, yana cizon ƙarfen keji, yana haushi ba tsayawa, wannan firgici ne, a nemi likitan dabbobi ko ƙwararren mai horo.

Wata takwas

Sai wata safiya ka ce "zauna", karen da ya yi wata huɗu yana zama ya kalle ka kamar yau ya fara ganinka. Ba lalacewa ya yi ba, balaga ce. A 2020 Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a kan karnukan da ake rainonsu don jagorar makafi a Birtaniya, cikinsu har da Labrador da Golden. Sun gano cewa a wata 8 karnukan sun fi yin biris da umarnin zama fiye da yadda suke a wata 5, kuma ga mai rainonsu suke yin haka, baƙo in ya faɗa suna bi. Zuwa wata 12 abin ya sassauta. Duk mai ɗa ɗan shekara 15 ya san wannan labarin.

Abin yi shi ne komawa baya ba tare da jin kunya ba. Doguwar igiya ta dawo, nama mai kyau ya dawo, a rage wuraren da ke da hayaniya. Ƙara masa aikin hanci: watsa abincinsa cikin ciyawa ya nema, ɓoye abin wasa a ɗaki. Minti goma na nema sukan kwantar da shi fiye da jifan ƙwallo na rabin awa, wanda sau da yawa ƙara hura shi yake yi. A wannan lokacin ne mutane ke karkata ga sanda da abin wuya mai tartsatsin lantarki. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa horo da lada shi ne abin bi, yankin Wales kuma ya haramta wannan abin wuyan tun 2010. Ni abin da na fi jin tsoro shi ne dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Ka kashe gargaɗin, ka bar abin da ya jawo shi, saura cizo ba sallama.

Yadda za ka san ana ci gaba

Ido yana ruɗi, musamman ranar da ka gaji, don haka ka ajiye ɗan littafi. Kowane umarni ka gwada sau 5. Ya yi duka biyar, ƙara wuya kaɗan. Ya yi 3 ko 4, tsaya a nan. Ya yi 2 ko ƙasa, koma matakin baya. Rubuta wurin ma, don kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri zuwa wuri da kansa. "Zauna" ta kicin daban, ta bakin titi daban, kowacce sai an koya. In hali ya zauna, ka fara rage abinci ka maye gurbinsa da abin da yake so a lokacin: ya zauna a buɗe ƙofa, ya zauna a jefa ƙwallo, ya zauna a ajiye kwano.

Mazauna Amurka suna da ma'auni a shirye, jarrabawar Canine Good Citizen da ƙungiyar American Kennel Club ta fara a 1989. Ƙungiyar ba ta lissafa dudul a matsayin jinsi, amma jarrabawar a buɗe take ga kowane kare. A Birtaniya ma Kennel Club na da irin nata mai matakan tagulla, azurfa da zinariya. Ko ba ka inda ake yin su, abubuwa goman na Amurka za ka iya gwada su da abokai biyu a ƙofar gida: baƙo ya gaisa da kai kare bai zabura ba, ya zauna a shafa shi, ya yarda a taje shi a duba kunne da ƙafa, tafiya da sakakkiyar igiya, ratsa taron mutane, zama da kwanciya da tsayawa, zuwa in an kira, wucewa kusa da wani kare, jure ƙarar ba-zata, sai na ƙarshe, ka miƙa igiyar ga wani ka ɓace minti 3. Na biyu da na takwas su ne za su fi ba dudul wuya, don a nan ake ce masa ga mutum ga kare amma kada ya je ya gaisa. Su za ka fi yawan maimaitawa, kuma ka fara daga nesa, inda har yanzu yana iya jin sunansa.